Yatsu Huɗu da Dungu

In ka baro tasha a Malanville ka gangara wajen gulbi, kafin ka kai inda mata ke bandar kifi, akwai wata rumfar kwano da za ka ji warinta tun ba ka gan ta ba. Wari ne mai hawa kai, kamar na fenti amma ya fi shi mugunta. A nan Arzika mai fiba ya shafe shekara ashirin da 'yan kai yana aiki, a nan kuma ya jawo wa kansa rabuwa da aboki guda ɗaya da Allah ya ba shi a duniya. Ba mutuwa ce ta shiga tsakaninsu ba. Wallahi da ita ce, da abin ya zo da sauƙi, sai a yi addu'a a watse.

Arzika Basarke ne, ɗan masunta, daga wata tunga a bayan Madekali. A cikin jirgin katakon ubansa ya tashi, wani tsohon jirgi da ya fi kwando yoyo. Uban na fama da taru, shi yana fama da ƙoƙo, kwashe ruwa tun safe har rana ta yi sanyi. Ya tsani aikin nan kamar me. Yana da shekara goma sha takwas ya haye saman kamiyon albasa, babbar motar kaya, bai tsaya ko'ina ba sai Kwatano, don ya ji an ce a can akwai jiragen da ba a yi su da itace ba, kuma ruwa ba ya shigarsu.

Ya same su kuwa. Wani dattijo ɗan Togo mai gyaran jirage a kusa da tashar ruwa ya ɗauke shi, ya koya masa aikin fiba, da zagi da duka da komai. Aikin ba shi da wuyar faɗi. Akwai mul, wato ƙirar abin da kake so ka yi, kamar babban akushi. Ka goge cikinsa da kaki don kada abin ya manne masa. Ka shafa jelkot, wani ruwa mai kauri kamar kunu, shi ne zai zama fatar waje mai santsi da sheƙi wadda ke hana ruwa shiga. Sai ka jira. In ya fara kamawa, ka shimfiɗa tabarmar zaren gilashi a kai, ka jiƙe ta da rezin, wani ruwa mai danƙo, ka danne. Su daskare tare su zama abu ɗaya, ka ɓalle daga mul. Shi ke nan. Amma duk sirrin yana wurin jiran nan, don in ka yi gaggawa fatar ta yamutse, in ka yi jinkiri ta ƙi kama fiba. Dattijon ba ya duba agogo. Hannu yake ɗorawa. Ya ce wa Arzika in ya ja fatar hannunka bai bar maka launi ba, to ya nuna, zuba fiba. Wannan magana ita ce Arzika ya riƙe kamar karatun allo.

A shekararsa ta uku injin yanka ya sare masa rabin yatsan tsakiya na hannun dama. Yana durƙushe a bakin titi yana zunduma ashar da Dendanci, jini na tsartuwa, mutanen Kwatano na ratse shi suna wucewa, sai wani saurayi ya tsaya cak. Latifu ke nan, ɗan gidan 'yan kasuwar nan da kakanninsu suka zauna Malanville tun kafin a yi gada, ya zo saro wa ubansa fenti. Ya ji zagin garinsu a bakin teku. Ya tuɓe rigarsa sabuwa fil ya naɗe hannun, ya riƙe shi gam a bayan moto, wato babur, har asibiti, bai saki ba sai da aka ɗinke. Daga ranar nan ba su sake rabuwa ba.

Da Arzika ya dawo gida ya kafa rumfa, Latifu ne ya ɗauki nauyin kawo masa kaya. Ya gaji shagon ubansa a cikin kasuwa, fenti da burushi da ruwan tsinka fenti, sai ya ƙara da gangar rezin da gwangwanin jelkot saboda mutum ɗaya tak. Arzika ya yi wa mata masu kifi akwatunan ƙanƙara, ya yi tankunan ruwa, ya ɗinke hancin kamiyo da ya fashe, ya gyara wa 'yan kabu-kabu murfin moto. Ya auri Bilki, 'yar garin Gene, mace mai ƙarancin magana, kuma Latifu ne babban abokin ango. Kowace Juma'a tare suke tafiya masallaci, su dawo su ci tuwo a kwano ɗaya. Gaisuwarsu ma daban take. Latifu zai cafke hannun, ya danna dungun da babban yatsansa, ya ce, "Basarke, har yanzu sauran bai tsiro ba?" Arzika ya ce, "Yana wurinka, Lati, kai ka ɓoye shi cikin riga." Kullum maganar ke nan, kullum kuma sai sun yi dariya kamar yau suka fara jin ta.

Sai dai a faɗi gaskiya, Arzika gwani ne, kuma ya san shi gwani ne, abin da ya cuce shi ke nan. Ban taɓa jin wanda ya ce ya ji kalmar "ban sani ba" daga bakinsa. Ga zuciya a kusa. In ka ce masa akwatin nan kamar ya karkace, sai ya ce idonka ne ya karkace.

Shekarar da aka rufe gadar da ke kai mu Gaya ta Nijar, duk wanda ke garin nan ya ga abin da bai taɓa gani ba. Kamiyoyi suka yi layi har ido ya gaji, direbobi suka kafa murhu a ƙarƙashin motocinsu, 'yan duwan, wato kwastan, suka zauna suna korar ƙuda. Komai ya koma gulbi. Mutane, buhuna, moto, awaki, duk sai a jirgi za a kai su Gaya. Jirgin katako ya yi wuyar samu, masassaƙa suka kasa. Ran nan Maigandi, wanda ke da jirage uku a mashigi, ya shigo rumfar Arzika yana toshe hanci da hula.

"Malam Arzika, an ce kana iya yin jirgi da wanga abu naka."

"An ce? Don shi na tahi Kwatano tun kana tsotson yatsa."

Allah sarki, ranar da ya jira tun yana riƙe da ƙoƙo ce ta zo. Ya samo tsohon jirgi ya fitar da mul a jikinsa, dogo, mai zurfi har ƙugu. Ya shiga aiki ba ji ba gani. Da can rabin gwangwani kan kai shi mako, yanzu ganga yake buɗewa. Hannu cikin rezin tun safe, in ya tashi ya wanke da esans, wato fetur. Ya gwada safar hannu, ta narke masa a yatsu, ya yi jifa da ita. Kafin wata biyu hannayen suka soma tsagewa, tafin ya dare kamar ƙasar fadama a bazara, in ya yi alwala sai ruwan buta ya sauko ja. Bilki ta gani. Ta aika Gene wurin uwarta aka kawo mata man kaɗe mai kyau a cikin kwalla. Kowace safiya in ya dawo daga masallaci sai ta zaunar da shi a bakin ƙofa, ta kama hannun, ta cusa man cikin kowace tsaga, ta murza har ya shige. Yana ƙunƙuni, yana cewa shi ba amarya ba ne, amma yana miƙa ɗayan. Bai taɓa gaya wa kowa ba, don a ganinsa abin kunya ne a ce mace na shafa wa ƙato mai.

Jirgin farko ya fito shuɗi, yana ɗaukar ido, har mutane suka bar abin da suke yi suka zo kallo. Mako uku Maigandi ya dawo da fuska a murtuke. Fatar jirgin ta yi bororo nan da can kamar ƙunar ruwan zafi, in ka danna sai ta fashe ta ɓare kamar ɓawon ƙwai. Ruwa ya sami hanya ya shiga cikin zaren, jirgi ya yi nauyi, ya fara jan ciki. Kunya ta kama Arzika. Ko tsayawa dubawa bai yi ba, ya sa injin guga ya kankare wurin gaba ɗaya kafin wani ya gani, ya shafe da sabo.

Daga nan ya shiga farautar dalili, kuma ba za a ce bai yi ƙoƙari ba. Ya ce raɓar gulbi ce ke kwana a cikin mul, ya riƙa shanya shi a rana har sai ya yi zafin da ba a taɓawa. Ya ce ko maganin daskarwa ne ya yi yawa saboda zafin garin nan, ya rage. Ya ce ko ya yi kaɗan, ya ƙara. Ya zubar da tsofaffin burushi. Ya kewaye rumfar da buhuna don hayaƙin masu bandar kifi, har suka yi cacar baki da su. Ya daina tafiya ko'ina tsakanin shafa jelkot da zuba fiba, ya tsaya a kansa kamar mai gadin gawa, yana bin mul daga kai har gindi yana ɗora tafi kowane taku, nan ya nuna, nan da saura. Da ya ga abin na neman fin ƙarfinsa sai ya ƙara yawan gwajin. Jirgi na biyu ya ɓare. Na uku ya fi su duka lalacewa.

A mashigi aka fara yi masa dariya a bayan ido. Wani ya ce jirgin Arzika saɓa yake kamar maciji. Maganar ta dawo kunnensa, ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba. To mutum irin Arzika, in ya duba ko'ina bai ga laifi ba, ba ya duba kansa. Sai ya duba gwangwani.

Ya sami Latifu a shago. "Lati, jelkot ɗin ga naka, mi anka zuba ciki?"

Latifu ya ɗauka wasa ne, ya yi dariya. Da ya ga fuskar sai ya daina. "Wuri guda nike sarowa shekara ashirin, Basarke, kai ma ka sani. A rufe shike zowa, a rufe nike ba ka. Bari in rufe shago mu tahi rumfarka, in zauna in ga yadda kake yi tun daga farko. Ido biyu ya fi ɗaya gani."

Da ya yarda, da yau ba a wannan labari. Latifu ya san hannun nan fiye da kowa, da ya kama shi a gaisuwa da safe ya ji santsi, wataƙila da ya yi tambaya. Amma ina! Abin da Arzika ya ji kawai shi ne mai sayar da fenti zai koya masa aiki. Ya juya ya fita ko sallama babu.

Ranar Asabar, kasuwa ta cika ta batse, 'yan Nijar da 'yan Kabi da mutanen ƙauye kowa ya shigo, Arzika ya ratso da gwangwani a kafaɗa. Ya tsaya a gaban shagon Latifu ya ɗaga murya. Ya ce jama'a su shaida, wannan mutum algus yake yi. Ya ce ya ga gada a rufe, ya ga kaya na tafiya, sai ya tsinka jelkot da kananzir yana sayar wa amininsa. Ya ce rayukan mutane ke cikin jiragen nan, in wani ya nutse a gulbi, ga mai alhakin. Ya kira shi maci amana. Sannan ya kifar da gwangwanin a kan simintin ƙofar shagon, shuɗin abu ya malale har bakin hanya. Ya ce, "Ga kayanka nan. Ba shi kama komi."

Latifu na tsaye da burushin da yake nuna wa wani mai saye. Ya ce, "Arzika, ni?" Sau biyu ya faɗa, shi ke nan.

Kun san kasuwarmu. Kafin la'asar maganar ta ƙetare gulbi. Wa zai ƙaryata, tunda amininsa ne ya faɗa, mutumin da suke cin tuwo kwano ɗaya? Masu fentin mota suka janye. Magina suka janye. Wanda fentin ɗakinsa ya koɗe shekara biyar da suka wuce ya tuna a wurin wa ya saya. Aka laƙa masa suna, Latifu mai kananzir, har a gaban 'ya'yansa. Kafin damina ta fita ya bar shagon da ubansa ya bar masa, wani mai takalman roba ya shiga. Latifu kuma ya koma rumfar albasar yayarsa Samiha, can ƙarshen kasuwa, yana ɗinke bakin buhu da basilla. Mutumin da ke da ƙiba da fara'a ya zube, riga ta koma rataye a jikinsa.

Arzika kuwa ya hau mota da kansa har Kwatano, ya sayo gwangwani a rufe da hatiminsa, ya buɗe da hannunsa. Ya yi jirgi na huɗu yana cika baki, yana cewa yanzu za a ga aiki.

Kwana goma sha tara. Da hantsi Maigandi ya aiko a kira shi bakin mashigi, wai ya zo ya ga abin al'ajabi. Ya tarar an jawo jirgin kan yashi an kife shi, matuƙa sun kewaye shi, ba mai magana da ƙarfi. Wannan karon ba su jira shi ba, su da kansu suka sa wuƙa suka ɗaye duk inda fatar ta saki, inda ta kama suka bar shi. Abin da ya rage ya sa tsigar jikin kowa ta tashi. Tun daga kan jirgin har gindinsa, sawun hannu ne a jere, fari a cikin shuɗi, tafi da yatsu, kamar wani ya bi bayan jirgin da rarrafe.

Maigandi ya dafa kafaɗarsa. "Malam Arzika, ka yi muna gafara, mun zarge ka a banza. Wanga ba aikin mutum ba na. Masu ruwa na. Ba su son jirgin roba bisa kansu, shi na sunka tura shi da hannu." Wani tsohon matuƙi ya ce tun farko shi ya faɗa, gulbi na da masu shi, a nemo farin zakara a yanka musu. Kowa ya gyaɗa kai, har da masu zuwa sahun gaba a masallaci.

Arzika bai ji sauran ba. Ya durƙusa yana kallon sawu ɗaya da ya fito sarai. Ya ƙirga. Babban yatsa, manuni, sannan wani guntu da ya tsaya a rabi, sannan biyu. Ya duba na gaba, haka. Na gaba, haka. Sannu a hankali ya tura hannunsa na dama cikin aljihu. Da ya ɗago, sai ga Bilki a bayan mutane da kwanon kifin da ta zo saye a ka. Ba jirgin take kallo ba, aljihunsa take kallo.

A gida ta ajiye kwanon ta zauna a kan turmi. "Malam, man nan na."

"Wa ya ce maki?"

"Ko kwanon da na taɓa da shi, sai na wanke sau biyu kamin sabulu shi kama. Ni na cuce ka. Ni na cuci Baban Shamsiyya." Haka take kiran Latifu, da sunan 'yarsa ta fari. Ta fashe da kuka, ita da ba a jin muryarta.

Arzika ya daka mata tsawa ta yi shiru. Washegari ya je rumfa ya ɗauko faranti biyu na gilashi, ya shafa musu jelkot daga ragowar tsohon gwangwanin Latifu da ke yashe a lungu. Da suka nuna, ya ɗora tafinsa mai mai a kan ɗaya, ɗayan bai taɓa ba. Ya zuba fiba ya jira. Da la'asar ya sa bakin wuƙa. Wanda bai taɓa ba, sai da wuƙar ta lanƙwashe bai saki ba. Wanda ya taɓa kuwa ya ɗago salin-alin, ga dungu nan kwance a tsakiya. Kayan Latifu lafiyarsu ƙalau, tun ranar farko.

Ya zauna a ƙasa cikin ƙaiƙayin zaren gilashi, shi kaɗai, ya yi kukan da bai yi ba ranar da yatsan ya fita.

Ga shi kuma an buɗe masa ƙofar tsira har biyu. Masu cewa algus na nan, masu cewa iskokin ruwa na nan, ba mai cewa Arzika. In ya yi shiru ya gyara hannunsa, jirgi na biyar zai fito lafiya, a ce zakara ya karɓu. Kwana shida yana juya abin. Ya hana Bilki taɓa hannunsa, tsagar ta dawo ta fi da, har ba ya iya riƙe cokali. Ita ba ta ce masa je ka ba, ba ta ce kada ka je ba. Ranar Juma'a dai ta zuba tuwo a babban kwanon nan na mutum biyu, wanda ta daina fitowa da shi tun ranar kasuwa, ta ajiye masa a gaba ta koma ɗaki. Ya kasa kai loma ɗaya.

Da Asabar ta zagayo ya je mashigi ya yanko gefen jirgin, daidai sawu ɗaya, ya ɗauka a kafaɗar da ya ɗauki gwangwani. Ya tsaya a wuri ɗaya da wancan karo. Ya ɗaga murya ya ce jama'a su saurara, shi Arzika ya yi wa Latifu ƙazafi, kayan Latifu ba su da aibu, hannunsa ne, ga shaida.

Kai, duniya! Ranar zargi, mutane har kan buhuna suka hau don su gani. Ranar nan mutum bakwai ne ko takwas suka tsaya, rabinsu baƙi da ba su san wane ne Latifu ba. Wata mata ta tambaye shi ko abin na sayarwa ne. Mai amalanke ya ce a ba shi hanya. Mai takalman roba ya ce, "Baba, don Allah matsa gaba kaɗan, kana tare mani masu saye." Arzika ya sake faɗa, ya kuma sakewa, har muryarsa ta dushe, jini na bin gefen fibar daga tafinsa.

Wani dai ya kai labari rumfar albasa. Can sai ga Latifu yana tahowa a hankali, basilla a hannu, ɓawon albasa a gemu. Ya tsaya ya dubi abin da ke kafaɗar Arzika. Bai buƙaci bayani ba, shi da ya riƙe dungun nan tun yana zubar da jini. Arzika ya gaya masa komai duk da haka, man kaɗe, faranti biyu, bakin wuƙa. Ya ce, "Lati, na zalunce ka. Ka yafe mani don Allah."

Latifu ya nuna ƙasa da basilla. "Dibi inda kake tsaye."

Arzika ya sunkuya. Shuɗin nan da ya kifar yana nan. Rana ta gasa shi ya daskare a kan siminti, damina ta wuce a kansa, amalanke da dubban ƙafafu sun taka shi, ko gefensa bai ɗago ba.

"Kwana uku na yi ina kankara tai da wuƙa," in ji Latifu. "Ina so in gusar da shi kamin ɗiyana su gani. Ya ƙiya. Nan na san kayana na kamawa. Na jira ka zo ka gani da idonka, ba ka biyo ta nan ba ko sau guda." Ya numfasa. "Na yafe maka, Malam Arzika. Allah ya ce a yafe, na yafe."

Malam Arzika. Shekara kusan talatin bai taɓa kiransa haka ba. Arzika ya sauke fibar, ya miƙa hannun dama, duk tsaga, duk jini. Latifu ya dube shi sosai, har ya ɗan matso, don tausayi bai bar shi ba.

"Ka koma Bilki ta shafa maka man. Kada ka bari shi ruɓe," ya ce. "Hannun ga bai yi mani komi ba. Bakinka na."

Ya mayar da basillarsa ɗaya hannun, ya juya, ya koma wurin buhunansa. Hannun Arzika ya tsaya a miƙe har mai takalma ya sake cewa a matsa.

Yau in ka je rumfar kwanon nan za ka sami Arzika. Ya tsufa fiye da shekarunsa, ya rage faɗa. Yana naɗa leda a yatsa ɗaya ya taɓa can bakin mul inda za a yanke a yar, kuma tun daga lokacin jirginsa bai sake ɓarewa ba. Matuƙa sun ce zakara ne. Ya gaji da gaya musu ba zakara ba ne. Latifu bai koma sayar da fenti ba, har yanzu akwai masu ce masa mai kananzir, wasu ma ba su san mafarin sunan ba. In sun haɗu a masallaci Latifu kan amsa sallama cikin mutunci, hannayensa a bayansa. Bilki ta mayar da babban kwanon nan ƙarƙashin gado.

Duk Asabar Arzika kan je kasuwa da guduma da kurfi, ya roƙi mai takalma ya ɗage tabarmarsa, ya durƙusa yana sarar shuɗin nan. Sai simintin ya fashe ya taso tare da shi. Ya ci kusan rabi yanzu.